Kwalli Ya Bi Shanu

A shekarar da Lado ya karye a ƙafa ya samu kare.

Ɗan acaɓa ne, yana jigilar mutane tsakanin Roni da Kazaure, wani lokaci har Gwiwa idan ya samu mai zuwa. Wata rana da damina ya ɗauko buhun taki a bayan babur, ya zo wani gangare kusa da duwatsu, tayar gaba ta zame a laka, babur ɗin ya kwanta a kan ƙafarsa ta dama. Aka kai shi wurin maɗori, aka ja ƙafar aka ɗaure, aka ce kada ya kuskura ya taka ta sai an ba shi izini.

Gidansu a bayan gari yake, gidan makiyaya da suka daɗe da zama wuri ɗaya, suna noma suna kiwo. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu 'yan shanu. Lado tun yana saurayi ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana bin bayan saniya ba, ya sayar da bijimin da ya gada ya sayi babur. Kiwo ya koma hannun ƙaninsa Nafi'u, wanda dama abin da yake so ke nan. Nafi'u ba mai yawan magana ba ne, ya fi sakewa a cikin dabbobi a kan cikin mutane.

Aka shimfiɗa wa Lado tabarma a rumfar ƙofar gida. Da farko 'yan dubiya ba sa yankewa, abokan sana'a su zo su jera babura a ƙofa ana ta raha. Daga baya ƙafa ta ɗauke, don lokacin noma ne, kowa yana gona. Matarsa Sa'adiyya takan kawo abinci ta koma ciki, ga aiki ga goyon 'yarsu Yasmin. Mahaifiyarsu Uwa, wadda suke kira Inna, ba ta zama kusa da shi. Shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta faɗa. Idan za ta gifta sai ta kawar da kai ta ce, "Ya jiki?" ta wuce kafin ya gama amsawa. Ya san haka al'ada take, haka ya taso ya gani, kuma bai taɓa sa abin a ransa ba sai da ya kwanta. Daga kan tabarmar yake jin yadda take tarar Nafi'u idan ya dawo da yamma.

"Autana, ruwan nan bai dake ka ba? Zo ka sha fura, da hannuna na dama maka."

Wata rana Nafi'u ya dawo da wani abu a cikin malafarsa. Ya tsuguna ya ajiye a gefen tabarmar. Ɗan kwikwiyo ne ja, duk haƙarƙari a waje, idanunsa kewaye da baƙi kamar an zizara masa kwalli.

"A gindin dutse na tsince shi, uwar ta mutu," in ji Nafi'u. "Yaya, ga abokin hira."

"Me zan yi da kare?" in ji Lado.

Amma Nafi'u na shiga gida Lado ya kira Sa'adiyya ta kawo madara a sakaina. Kwikwiyon bai iya sha ba, sai da Lado ya riƙa tsoma yatsa yana sa masa a baki. Kafin kwana biyu ya raɗa masa suna Kwalli.

Tun daga nan rumfar ta daina zama kurkuku. Kwalli ya cinye igiyar takalmin Lado, ya yage gefen tabarma, ya kama tsumman da aka ɗaure ƙafar da shi yana ja yana gurnani kamar ya kama zomo. Idan ya gaji sai ya faɗi a jikin ƙafar mai lafiya ya yi barci, cikinsa a sama. Lado ya motsa, ya farka. Lado ya yi tari, ya ɗaga kunne. Inna ta aiko Sa'adiyya ta faɗa masa ya riƙa raba abin nan da buzun salla. Ya ce ya ji. Ya riƙa rataye buzun a jikin rumfa, karen kuwa bai matsar da shi ko'ina ba.

Da aka kwance ɗorin ya fara koyon tafiya da sanda, Kwalli ne ɗan rakiya. Ya ruga gaba, ya dawo, ya zagaye shi, ya sake rugawa. Da ya koma kan babur, karen ya koyi zama a kan tanki tsakanin hannuwansa. Ranar da ba a tafi da shi ba, sai ya bi babur ɗin da gudu har bakin titi, sai Lado ya tsaya ya kore shi. Da yamma kuwa, ko babura nawa suka wuce ba ya motsi, amma da ya jiyo ƙarar na Lado tun daga nesa zai zabura. A wajen kukar da ke kan hanya yake tarar sa, ya daka tsalle ya dafa masa riga da ƙafafu duk laka, yana kuka ƙasa-ƙasa yana lasar hannunsa.

"Kai, sauka, ka ɓata mini riga," Lado zai ce. Amma yakan daɗe a wajen kukar, musamman idan akwai mutane a hanya. Yana so a gani. Bai taɓa samun wanda ke murnar dawowarsa haka a fili ba.

Haka aka yi rani, aka sake damina. Kwalli ya miƙe, ƙirjinsa ya buɗe, muryarsa ta yi kauri. Ya daina cin takalma. Akuyar da yake bi da gudu don wasa, yanzu ta wuce ta gabansa ko kallonta ba ya yi. Lado bai damu ba, har yana yaba masa, yana cewa ya yi hankali.

Sai wata yamma bayan kaka ya iso wajen kuka bai ga kowa ba. Ya rage gudu, ya danna ham. Shiru. Ya ƙarasa gida ya tarar da Kwalli kwance a bakin shingen shanu, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa. Ya ɗago kai ya dubi Lado, ya ɗan buga wutsiya a ƙasa, ya mayar da kai.

"Karen nan ba shi da lafiya," Lado ya ce wa Sa'adiyya.

"Lafiyarsa ƙalau. Yanzu ya cinye ɗumamen da na zuba masa."

Bai yarda ba. Ya duba kunnuwansa ko kaska ce, ya duba tafin ƙafa ko ƙaya ce. Washegari ya sayo maganin tsutsar ciki a shagon magungunan dabbobi a Kazaure, ya cusa a cikin tuwo ya ba shi. Babu abin da ya canza. Idan ya kira shi yakan zo, amma a hankali, ya tsaya a shafa masa kai, sannan ya janye ya koma inda ya fito.

"Baban Yasmin, girma ne fa," in ji Sa'adiyya. "So kake ya yi ta tsalle har ya tsufa?"

Ya so ya yarda da hakan. Da a ce ƙarfin ne ya ƙare, da ya haƙura. Amma wata safiya tayarsa ta yi faci, bai fita da wuri ba, yana zaune a rumfa yana jiran rana ta ɗaga ya tura babur ɗin wurin mai faci. An gama tatsa, Nafi'u ya kwance maruƙa, ya rataya gorar ruwa, ya saɓa sanda a kafaɗa. Ya yi wani ɗan fito, ba mai ƙarfi ba. Kwalli ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi. Ya yi miƙa, ya girgiza jiki, ya wuce gaban garken da sassarfa, wutsiya a sama. Wani maraƙi ya ɓalle ya nufi gonar maƙwabta, Kwalli ya bi shi da gudun da Lado ya daɗe bai gani ba, ya sha gabansa, ya dawo da shi. Sannan ya waiwaya ya dubi Nafi'u.

Nafi'u ko kallonsa bai yi ba. Bai shafa shi ba, bai ce masa komai ba. Suka wuce ta gaban rumfa, ya ce, "Yaya, sai mun dawo."

Lado ya kira, "Kwalli."

Karen ya juyo da kai, ya kaɗa wutsiya, ya ci gaba da tafiya.

"Tun yaushe yake bin su?" ya tambayi Sa'adiyya.

"Ai ya kwana biyu. Kana fita suke fita."

Ranar bai yi aikin kirki ba. Da yamma ya biya wurin wani mahauci da yake yawan ɗauka, ya karɓo ƙashi mai sauran nama a jiki da ɗan tumbi. Ya zauna a rumfa ya kira Kwalli. Karen ya zo, ya shinshina, ya karɓi ƙashin a hankali daga hannunsa. Lado ya matsa masa wuri a gefen tabarma. Kwalli ya juya da ƙashin a baki, ya tafi har bakin shinge inda Nafi'u ke zaune yana tufka igiya, ya kwanta a gefen ƙafarsa ya fara gwaguya.

Lado ya ci gaba da kawo ƙashi kullum, kullum kuma a can ake cinye shi.

Abin da ya fi ƙona masa rai a kan babur ya same shi. Ya ɗauko wata dattijuwa daga kasuwar Roni da ƙullin kayanta, suna tafe tana ba shi labari.

"Ai karen nan na ƙaninka abin a yaba ne. Rannan shanunku suka nufi waken da ban gama roro ba, shi kaɗai ya tare su. Na ce Allah Ya yi wa Nafi'u albarka, ya iya horo."

"Baba, karena ne," in ji Lado.

"Na'am?"

"Nawa ne. Ni na raine shi."

"To, ai duk gida ɗaya ne," in ji ta. "Mu dai da Nafi'u muke ganin sa."

Washegari kafin ya fita ya samo igiya ya ɗaure Kwalli a ginshiƙin rumfa. Ya ce gida ma yana bukatar mai gadi, awaki suna shiga rumbu. Nafi'u ya dubi igiyar, ya kora shanu. Kwalli bai yi haushi ba. Ya ja igiyar iya tsawonta ya tsaya, wuyansa a miƙe, yana kallon garken har ya ɓace a bayan duwatsu. Da Lado ya dawo, Sa'adiyya ta ce haka ya wuni, ko ruwa bai sha ba sai da shanu suka dawo.

"Zai saba," in ji Lado.

Bai saba ba. Bayan 'yan kwanaki Lado ya dawo da azahar don ya ci abinci, ya tarar da igiya a ƙasa babu kare. Sa'adiyya ta ce Inna ce ta kwance shi, ta ce ba za ta zauna tana kallon ana azabtar da dabba a ƙofar gidanta ba.

Bai koma aiki ba. Ya zauna yana jira har shanu suka dawo, Kwalli na gaba, harshe a waje, jikinsa duk ƙarangiya. Lado ya bari aka ɗaure shanun, sannan ya je bakin shinge.

"Nafi'u, me kake ba karen nan?"

"Abin da na ci. Wani lokaci gaya, wani lokaci babu komai."

"Wa ya ce ka riƙa tafiya da shi?"

"Yaya, ban taɓa kiran sa ba. Shi yake biyo ni."

"Da kunnena na ji kana yi masa fito."

"Shanu nake yi wa. Tun kafin a haife shi haka nake yi musu."

"Ka san wahalar da na sha a kansa? Da yatsana na ba shi madara. A jikina ya yi barci. Yanzu da ya zama abin amfani sai ka janye shi, har mutanen gari suna cewa naka ne."

Nafi'u ya sunkuyar da kai. "Ka yi haƙuri, Yaya. Idan na kore shi, sai ya zagaya ya same mu a mashaya. Ban san yadda zan yi ba."

Inna na tsugune can gefe tana wanke ƙwaryar tatsa. Ba ta ɗago ba, ba ta kuma dubi kowa ba. Kamar da ƙwaryar take magana ta ce, "Ni dai na san wanda ya ɗauko shi daga daji a cikin malafa."

Lado ya juya. Ya koma rumfa. Sa'adiyya ta kawo tuwo, ya ce ya ƙoshi.

Yana da wani aboki, Ɗayyabu, da suka yi acaɓa tare kafin ya koma garinsu Kanya Babba ya kama noma. Ɗayyabu ya taɓa ce masa yana neman kare saboda masu shigar masa gonar kankana. Lado ya kira shi a waya, suka gama magana. Washegari bayan sallar asuba, kafin a fara tatsa, ya kira Kwalli ya ɗora shi a kan tanki. Karen ya yi girma da wurin, ƙafafunsa na zamewa, amma ya tuna yadda ake zama.

Hanyar da nisa. Suka ratsa Kazaure, suka ɗauki hanyar Babura. Duk inda aka sha kwana sai Kwalli ya jingina da ƙirjin Lado, ɗumin jikinsa na ratsa riga. Rabon da su kusanci juna haka har ya manta. A wani wuri ya rage gudu, ya yi tunanin juyawa. Sai ya hango yadda za a yi: su isa gida, karen ya dire, ya nufi shinge. Ya ƙara wuta.

Ɗayyabu ya yi murna. Ya ɗaure Kwalli a gindin wata bishiyar darbejiya kusa da bukkar gona, ya ce sai ya saba zai sake shi. Lado bai tsaya shan ruwa ba.

Da yamma Nafi'u ya zo rumfa ya tsuguna.

"Yaya, ban ga Kwalli ba tun safe."

"Na ba Ɗayyabu aro. Ana yi masa ɓarna a gona."

Nafi'u ya dubi wajen shinge. Can ya ce, "To. Ai karenka ne."

Kalmar da Lado ya daɗe yana son ji ke nan, amma da ta fito bai ji daɗinta ba. Ya riƙa lura da ƙanin nasa a kwanakin da suka biyo baya. Ya ga yadda yake yin fito da safe sannan ya waiwaya bakin shinge, ya ga babu komai, ya gyara sanda ya wuce. Ya ga ranar da ya dawo a makare, ƙafafunsa duk ƙaya, saboda maraƙi ya ɓace masa a cikin duwatsu. Lado ya ji wani sanyi a ransa, ya ce a zuci, kai ma ka ɗanɗana. Sanyin bai kai ko'ina ba. Shi ma idan ya iso wajen kuka hannunsa kan kai kan ham da kansa. Inna kuwa ko "ya aiki" ɗin da takan jefa masa ta daina.

Ana nan sai Ɗayyabu ya kira. Lado na tsakar gida yana alwala, ya sa wayar a kunne.

"Lado, karen nan naka zai mutu a hannuna. Ba ya ci. Na ba shi tuwo, na ba shi nono, har kan kaza na jefa masa. Yana kwance ya zuba wa hanya ido. Duk babur ɗin da ya wuce sai ya miƙe. Kewarka yake yi. Ka zo ka ɗauki abinka."

Lado ya ajiye buta. Ya ɗaga murya yadda za a ji har ɗakin Inna.

"Sa'adiyya, kin ji? Ɗayyabu ne. Wai Kwalli ya ƙi cin abinci saboda ni. Duk babur ɗin da ya wuce sai ya tashi, yana zaton ni ne."

"Allah sarki," in ji Sa'adiyya.

Washegari ya fasa aiki. Ya biya wurin mahauci ya sayi tsoka sosai, ba ƙashi ba, ya kama hanya. Tun kafin ya kashe babur ya jiyo kukan. Kwalli ya rame, ƙasusuwan ƙugunsa sun fito, amma yana tsaye a kan ƙafafun baya, igiya na shaƙe shi. Ɗayyabu na kwancewa ya yo kan Lado, ya dafa masa ƙirji, yana lasar haɓarsa, yana wannan kukan ƙasa-ƙasa na da. Lado ya durƙusa ya rungume shi. Idanunsa suka kawo ruwa, ya juya baya don kada Ɗayyabu ya gani.

"Ka gani ko?" in ji Ɗayyabu. "Na faɗa maka."

Sai karen ya sauka, ya kafa hanci a ƙafar wandon Lado. Da safe ta cikin shinge Lado ya bi ya ɗauko igiyar ɗaure kaya, kashin shanu ya taɓa bakin wandon. Kwalli ya daɗe yana shinshina wurin. Ya zagaya babur ya shinshina. Sannan ya wuce su duka ya tsaya a bakin hanya, kunnuwa a tsaye, yana kallon inda Lado ya fito, kamar akwai wanda aka bari a baya.

Ɗayyabu bai lura ba, yana ta ba da labarin kankana. Lado ya lura. Ya kwance naman ya ajiye a ƙasa, karen ya dawo ya cinye, ya koma bakin hanya.

A hanyar dawowa Lado ya yi ta lallashin kansa. Ai ya yi tsalle. Ai ya yi kuka. Ɗayyabu shaida ne. Rana ta karkata lokacin da suka bar titi suka shiga burtalin da ke zuwa gida. Shanu na mashaya a gefen dama, wata saniya ta yi kuka. Lado ya ji jikin karen ya ƙame a tsakanin hannuwansa. Kafin ya taka birki Kwalli ya dire, ya wuntsila a ƙasa, ya tashi ya miƙa a guje.

Lado ya tsaya, inji na aiki, ƙafa ɗaya a ƙasa. Daga nan yana hango komai. Ya ga karen ya ratsa cikin shanu, ya ga ya faɗa jikin Nafi'u. Ya ga Nafi'u, wanda bai taɓa ganin ya shafa shi ba, ya yar da sanda ya durƙusa, ya riƙe kan karen da hannu biyu, ya daɗe a haka. Ba su san ana kallon su ba.

A gida Sa'adiyya ta tambaye shi ina Kwalli. Ya ce yana tafe. Ta ce yaya ya yi da ya gan shi. Ya ce ya yi murna ƙwarai, har ya kusa kayar da shi.

Bai sake ɗaure shi ba, bai kuma sake kawo ƙashi ba. Idan ya dawo ya tarar da shi a bakin shinge, wutsiyar ta bugi ƙasa, sai ya yi kamar bai gani ba. Wani lokaci da rana, ranar da shanu ba su yi nisa ba, Kwalli kan zo ya kwanta a inuwar rumfa, ba a jikinsa ba, can gefe. Lado kan saci kallonsa. Da an motsa a wajen shinge kunnuwan za su juya can.

Da rani ya yi nisa ciyawa ta ƙare, karan gonaki ma aka cinye. Kawunsu Mamuda, ƙanin Inna, ya zo ya ce zai yi kudu da shanunsa har ruwa ya sauka, gara a haɗa garken Nafi'u ya bi shi. Aka shirya. Ranar tafiya da safe an ɗora kaya a kan jaki, Inna na ta ƙulla wa autanta gari da kuka da barkono, Nafi'u ya zo gaban Lado ya tsuguna. Kawu Mamuda na tsaye, Inna na jin su.

"Yaya, maganar Kwalli. In ka ce a bar shi, sai a rufe shi a ɗaki har mu yi nisa."

Lado ya dubi karen. Yana can gaban garke, yana kai da komo, ya ƙosa a tashi.

"Tafi da shi," in ji Lado. "Ni ina na ga lokacin kare?"

"Na gode, Yaya."

Godiyar ma ta ɓata masa rai. Ya hau babur ya fita tun kafin su tashi, ya ce yana da fasinja a Roni.

Bayan wasu makonni yana zaune a tashar 'yan acaɓa a Kazaure, rana ta take, babu fasinja, wayarsa ta yi ƙara. Nafi'u ne. Suka gaisa. Ya ce sun samu wuri mai ruwa, shanu sun fara murmurewa, saniyar Inna ta haihu. Ya tambayi Inna, ya tambayi Sa'adiyya da Yasmin. Lado ya amsa duka. Bai tambayi kare ba.

"Ga Kwalli nan kusa da ni," in ji Nafi'u. "Bari in buɗe muryar wayar, ka yi masa magana."

"Wace irin magana kuma zan yi da kare a waya?"

Amma ya tashi daga kan benci, ya zagaya bayan rumfar mai shayi inda abokan sana'a ba za su ji ba. Ya kare baki da hannu.

"Kwalli. Kwalli."

Ya ji iska a cikin wayar, da kukan maraƙi daga nesa.

"Ya ɗaga kunne," in ji Nafi'u. "Ya gane ka."

"Ya tashi?"

"A'a, yana kwance. Mun sha tafiya yau, ya gaji."

"A ina yake kwance?"

"Nan dai. Ya ɗora kai a kan ƙafata."

Lado ya janye wayar daga kunne ya dube ta.

"Yaya, kana ji na?"

"Ina ji. Ga fasinja na jira na. Ka gai da Kawu."

Ya kashe wayar ya sa a aljihu. Ya ɗan tsaya a bayan rumfar kafin ya fito. Da ya koma, wani mutum da buhun gyaɗa yana tambayar mai zuwa Gwiwa, sauran duk sun ce hanyar ta yi nisa da wannan rana. Lado ya ce shi zai je. Ya ɗaure buhun, mutumin ya hau, suka tafi.